Darasi na Tara: Samuwar Allah a Ma'aunin Hankali

Wata rana bayan an tashi daga ajin yamma, wata uwa ta dakata har kowa ya watse, sannan ta matso ta ce da ni, "Malam, ɗana ne ya zo hutu daga makarantar kwana. Ina zaune ina tankaɗe, sai kawai ya ce, 'Inna, idan kowane abu akwai wanda ya yi shi, to shi Allah wa ya yi shi?' Wallahi ban san lokacin da na jefe shi da rariya ba." Ta yi shiru, ta gyara mayafinta. "Tun daga ranar bai sake tambayata komai ba. Shirun nan nasa ya fi tambayar tayar mini da hankali."

Saboda irinta aka rubuta wannan darasi. Yawancinmu iyaye ne, kuma 'ya'yanmu na riƙe da wayoyin da ke kawo musu maganganun mutanen duniya har cikin ɗaki, na mai imani da na marar imani. Tsawa takan rufe bakin yaro, amma tambayar tana nan kwance a ransa, kuma zai kai ta inda za a saurare shi. Gara mu san hujjojin da kanmu, namu da na masu musu, kowace da ƙarfinta na gaskiya.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Wanda ya yi karatun zaure ya san Ummul Barahin, ɗan ƙaramin littafin tauhidin nan na Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a 1490. Kafin ya kawo sifofin Allah ashirin, sai da ya fara raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Wajibi shi ne abin da dole ya kasance, mustahili abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, ja'izi kuwa yana iya kasancewa yana iya ƙin kasancewa. Ku riƙe kalmomin nan uku, za mu buƙace su a gaba.

Yadda ake auna hujja

Hujja kamar rumfa take: tana da dirkoki, tana da jinka. Dirkokin su ne maganganun da aka fara azawa, jinkar ita ce sakamakon da aka ɗora a kansu. Mai awo yana duba abu biyu: dirkokin lafiyayyu ne? Kuma jinkar a kansu ta zauna?

Ga misali. Wani ya ce, "Duk wanda ya je Makka jirgi ya hau. Alhaji wane ya je Makka. Ashe ke nan jirgi ya hau." Ɗaurin ya yi kyau, amma dirka ta farko gara ta ci ta, domin kakanninmu da ƙafa da jakuna suka bi ta Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya. To amma ku lura da kyau: faɗuwar hujjar ba ta nuna Alhaji bai hau jirgi ba. Wataƙila ya hau ɗin. Abin da ya tabbata kawai shi ne wannan hujjar ba ta isa ta nuna hakan ba. Wanda ya gane wannan ya huta da tsoro mai yawa, domin zai ji an soki wata hujja ta samuwar Allah ba tare da gabansa ya faɗi ba. Manyan malamai masu imani ma sun soki hujjojin junansu, kamar yadda za mu gani.

Ruwa ba ya tsami banza

Hujjar da malaman ilmin kalamu suka fi riƙo da ita gajera ce. Duk abin da ya fara samuwa yana da wanda ya samar da shi. Duniya ta fara samuwa. Saboda haka duniya tana da wanda ya samar da ita. Al-Kindi na Bagadaza ya kawo ta a ƙarni na tara, Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya ƙara mata kaifi.

Dirka ta farko Bahaushe bai taɓa jayayya da ita ba. Ta biyun ce ke neman aiki: ta yaya aka san duniya ta fara? A littafinsa Tahafutul Falasifa, Gazali ya yi amfani da lissafin taurari na zamaninsa. Rana tana gama zagayenta a shekara ɗaya, tauraron Zuhal kuwa sai ya shekara talatin. Idan duniya ba ta da farko, zagayen rana ba shi da iyaka, na Zuhal ma ba shi da iyaka, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau talatin. Yaya marar iyaka zai ninka marar iyaka? A wurinsa wannan mustahili ne, don haka dole kwanakin duniya su zama ƙirgaggu.

Masu musu sun biyo ta hanyoyi da dama. Masana lissafi, tun daga aikin Georg Cantor na Jamus a ƙarshen ƙarni na sha tara, sun nuna ana iya lissafi da marar iyaka ba tare da magana ta ci karo da kanta ba, ko da sakamakon ya ba mutum mamaki. David Hume, mutumin Sikotilan da ya rasu a 1776, ya taɓo dirka ta farko ma: ya ce sabo ne ya koya mana cewa komai da sanadinsa, domin haka muke gani a cikin duniya, amma ba wanda ya taɓa ganin yadda duniya ɗungurungum take farawa. Kuma ba marasa imani kaɗai ba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, alƙali ne Bamalike, ya ga hujjar malaman kalamu tana da rauni. Thomas Aquinas, babban malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya ce shi ya yarda duniya tana da farko saboda wahayi ya faɗa, amma hankali shi kaɗai ba zai iya tabbatar da hakan ba.

Kimiyyar ƙarni na ashirin ta sake hura wa hujjar wuta. A 1927 Georges Lemaître, masanin taurari kuma limamin cocin Katolika daga Beljiyam, ya nuna ta lissafi cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, kuma a 1929 Edwin Hubble ya fito da awon da ya ƙarfafa hakan. Idan aka bi sawun buɗewar nan da baya, sai a isa wani mafari mai tsananin zafi da matsi, shekara wajen biliyan 13.8 da suka wuce. Wannan ya dace da maganar Gazali ƙwarai. Sai dai a yi hattara: lissafin masana yana tsayawa ne dab da mafarin nan, bai faɗi ko akwai wani abu kafinsa ko babu ba. Shi kansa Lemaître bai so a mai da bincikensa hujjar addini ba.

Tukunyar aro

A ganina hujjar Ibnu Sina, likitan nan masanin falsafa da ya rasu a 1037, ta fi wadda ta gabata zurfi, don ba ruwanta da ko duniya tana da ranar farawa ko ba ta da ita. A nan za mu ɗan zauna.

Ku tuna babbar tukunyar biki, irin wadda ke cinye buhun shinkafa. Kin je gidan suna kin gan ta a kan murhu, kin tambayi uwar biki, ta ce, "Ba tawa ba ce, aro na yi a maƙwabta." Kin je maƙwabta, suka ce su ma daga gidan ƙanwar maigida suka ɗauko. Can ma aka ce aro ce. A ce kin bi gida ɗari, kowa aro. A ce gida dubu. A ce ma gidajen ba su da iyaka. Shin yawan masu aro zai taɓa haifar da tukunya? Ko kusa. Tun da ga tukunya nan a kan wuta tana tafasa, dole akwai inda take ta mai gida ce, ba ta aro ba.

Ibnu Sina ya ce samuwa ma haka take. Ni da ku, da bishiyar kuka, da rana, duk ja'izai ne: muna nan, amma da ba mu zo ba, da babu abin da ya saɓa wa hankali. Samuwarmu ba daga kanmu take ba, aro muka yi. Iyaye, abinci, iska, hasken rana, kowanne shi ma aro ya yi daga waninsa. In aka tattara dukan masu aron nan wuri ɗaya, taron nasu ma mai aro ne. Dole ke nan a sami wanda samuwa tasa ce ta kansa, wanda Ibnu Sina ya kira wajibul wujudi. Shekara kusan ɗari bakwai bayansa, Leibniz na Jamus ya mai da batun tambaya guda: me ya sa akwai wani abu, maimakon a ce babu komai?

Amsa mafi shahara ta fito ne a wata muhawara da gidan rediyon BBC ya watsa a 1948, tsakanin Bertrand Russell da wani limamin Katolika, Frederick Copleston. Russell ya ce kowane mutum yana da uwa, amma wannan bai sa 'yan Adam a dunƙule suna da uwa guda ba. Abin da ya tabbata a kan ɗaiɗaiku ba lalle ya tabbata a kan taro ba. A wurinsa duniya tana nan ne kawai, ba ta buƙatar bayani.

Maganarsa ta farko gaskiya ce a wasu wurare. Kowane tubali ƙarami ne, amma ganuwa ba ƙarama ba ce. Sai dai idan kowane tubali na ƙasa ne, ganuwar ma ta ƙasa ce, kuma ni ina ganin zama ja'izi irin wannan sifar ce. Maganarsa ta biyu kuwa ita ce ainihin mararrabar. Mai imani da mai musu duk sun yarda cewa tambayar "me ya sa?" dole ta tsaya a wani wuri. Russell ya tsayar da ita a kan duniya, wadda muke ganin sassanta suna canzawa, suna zuwa suna wucewa. Ibnu Sina ya tsayar da ita a kan wanda ba ya karɓar rashi. Ku auna da kanku wace matsaya ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ni dai ban taɓa samun natsuwa da ta Russell ba.

Hula a bakin hanya

Hujja ta uku ita ce ta tsari, kuma ita ta fi kusa da zuciyar talaka. Ka tsinci dutse a daji, ba za ka tambayi mai shi ba. Amma ka tsinci hula mai zane, ka ga yadda zare ja ya bi ta ƙarƙashin shuɗi ya ɓullo daidai inda ya kamata, ba za ka ce iska ce ta saƙa ta ba. Ibnu Rushdi ya fi son irin wannan hujja, ya ce ita Alƙur'ani ya fi jan hankali gare ta: dacewar dare da rana da ruwa da ƙasa da bukatun ɗan Adam. A 1802 William Paley na Ingila ya kawo ta da misalin agogon da aka tsinta a fili, ya ce idon mutum ya fi agogo ban mamaki.

A 1859 Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu, ya buɗe shi da zancen dabbobin gida, musamman tattabaru. Duk mai kiwon tattabara ya san idan yana ware masu siffar da yake so yana haɗa su, bayan wasu shekaru zai sami iri na daban. Darwin ya ce yanayi ma yana yin wannan zaɓen ba tare da mai kiwo ba: wanda ya dace da muhallinsa ya rayu ya hayayyafa, wanda bai dace ba ya ƙare. Mun ga ƙaramin misalinsa da idonmu. Maganin kulorakwin da a da ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro ya daina aiki, domin ƙwayoyin cutar da suka jure masa su ne suka saura suka yaɗu. Hula ba ta haihuwa, amma mai rai yana haihuwa, kuma a nan misalin Paley ya sami tangarɗa.

Hujjar ba ta mutu ba, gaba ta matsa. Masu riƙo da ita a yau suna nuni da dokokin da duniya ke tafiya a kansu: da ƙarfin da ke riƙe ƙwayar zarra ko saurin buɗewar sarari sun ɗan saɓa, da taurari da rai ba su samu ba. Masu musu suna cewa wataƙila duniyoyi ne birjik, kowace da dokokinta, mu kuma muka sami kanmu a wadda ta dace. Har yau ba wanda ya hango ko ɗaya daga cikin waɗancan duniyoyin.

Akwai kuma hujjar Anselm, wanda ya rasu a 1109 yana babban limamin Kantabare, mai cewa ma'anar Allah kanta, wato wanda ba a iya tunanin wanda ya fi shi, ta isa ta tabbatar da samuwarsa. Aquinas bai karɓe ta ba, Immanuel Kant ma ya soke ta a 1781, ya ce kuɗin da ke cikin tunani da na cikin aljihu adadinsu ɗaya ne, bambancin shi ne ɗaya akwai shi. Ba za mu daɗe a kanta ba.

Hujjar da ta fi nauyi a hannun masu musu

Ranar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon, babban birnin Fotugal. Ranar idi ce ta Kirista, majami'u cike da masu ibada. Gine-gine suka rufto musu, teku ta yi ambaliya ta cinye waɗanda suka gudu bakin ruwa, gobara ta yi kwanaki tana ci. Dubun-dubatar mutane suka mutu. Abin ya girgiza tunanin Turawa, har Voltaire na Faransa ya rubuta littafinsa Candide a 1759 yana sukan masu cewa wannan duniya ita ce mafi kyawun da za ta yiwu.

Hujjar ga ta, kuma kada mu rage mata ƙarfi. Idan Allah mai iko ne a kan komai, yana iya hana wahala. Idan mai rahama ne, zai so hana ta. To ga wahala nan. Wanda ya taɓa riƙe jariri jikinsa zafi rau, idanunsa sun kafe, har numfashi ya tsaya a hannunsa, ya san wannan ba wasan baki ba ne.

A 1955 J. L. Mackie ya ce maganganun nan uku ba za su taɓa haɗuwa ba. Alvin Plantinga na Amurka ya ba shi amsa da batun zaɓi: halittar da aka ba 'yancin aikata alheri dole ta iya aikata sharri, in ba haka ba ba 'yanci aka ba ta ba. Da yawa daga masu musu sun amince cewa wannan ya warware zargin cin karo. Amma a 1979 William Rowe ya dawo da batun ta wata fuska. Ya ce a ɗauki ɗan barewa da tsawa ta haddasa gobara a daji ta ƙone shi, ya kwana da kwanaki yana jin jiki kafin ya mutu, ba wanda ya gani, ba wanda ya ɗauki darasi. Zaɓin wa ya jawo wannan? Yawan irin wannan wahala, in ji shi, alama ce mai ƙarfi cewa babu mai kula.

Musulmi ma sun sha wannan muhawara tun da wuri. Littattafan kalamu suna kawo labarin Abul Hasan Ash'ari da malaminsa Jubba'i, shugaban Mu'utazilawan Basra, masu cewa wajibi ne Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa alheri. Ash'ari ya tambaye shi game da 'yan uwa uku: ɗaya ya girma ya mutu salihi, ɗaya ya girma ya mutu fajiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Idan yaron ya ce me ya sa ba a bar shi ya girma ya sami darajar salihin ba? Malamin ya ce za a gaya masa an san da ya girma da ya ɓata. Sai Ash'ari ya ce, to idan fajirin ya ɗaga murya ya ce shi me ya sa ba a ɗauke shi yana yaro ba fa? Aka ce malamin ya rasa amsa.

Abin da na ɗauka daga labarin nan shi ne, duk wanda ya ce zai faɗi takamaiman dalilin kowace musiba zai kai inda bakinsa zai mutu. Amsar da ta fi tsayuwa ita ce wadda ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi take nunawa: rashin ganin hikima ba ɗaya yake da rashin hikima ba, kuma mai leƙe ta kafar ƙyaure ba zai ba da labarin dukan gida ba. Mai musu zai ce wannan amsa tana iya rufe kowace irin tambaya, kuma ƙorafinsa abin saurare ne. Ni ina ganin hujjar wahala ba ta rushe samuwar Allah ba, amma nauyi ce ta gaske, kuma mai imanin da bai taɓa jin nauyinta ba bai kalli duniya da kyau ba. Abu ɗaya nake roƙonku: kada a kai wannan muhawara zaman makoki. Can gaisuwa da addu'a da kwanon abinci ake bukata.

Wasu masu musun suna ƙarawa da tambayar me ya sa Allah bai bayyana ga kowa ƙarara ba, kuma me ya sa yawancin mutane suke kan addinin gidan da aka haife su. Amsar da aka saba bayarwa ita ce inda mutum ya samo ra'ayi ba shi ke nuna gaskiyarsa ko ƙaryarsa ba. Lissafi ma a makaranta aka koya mana shi.

Hangen Dala

Ko da hujjar Ibnu Sina ta tsaya daram, iyakarta ta kai mutum ga yarda da wajibin samuwa guda. Ba ta gaya masa a yi salla ba, ba ta gaya masa akwai hisabi ba. Antony Flew, wanda ya shafe kusan shekara hamsin yana cikin fitattun masu musu a Ingila, ya bayyana a 2004 cewa ya yarda akwai mahalicci, amma bai shiga kowane addini ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gazali da kansa ya ba da labari a littafinsa Munƙiz cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakka, kuma ba jeren hujjoji ne suka fitar da shi ba, haske ne daga Allah.

Kada kuma wanda ya koyi waɗannan ya raina wanda bai koya ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an sami wasu ɗaliban ilmin kalamu da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi yadda littattafai suka tsara ba, kuma Shehu ya yi rubuce-rubuce yana yi musu raddi. Imanin tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Ibnu Sina ba imani ne cikakke.

Ita kuwa uwar nan, abin da na gaya mata shi ne ɗanta ya ɗan karkatar da dirka ta farko. Ba a ce kowane abu yana da wanda ya yi shi ba. Cewa aka yi abin da ya fara, ko abin da samuwarsa ta aro ce. Tambayar wa ya yi wanda bai fara ba daidai take da tambayar a wurin wa mai tukunya ya aro tukunyarsa. Yaron yana iya gamsuwa, yana iya zuwa da wata tambayar, kuma in ya zo da ita alheri ne, don ya nuna ya dawo gida da ita.

Aikin wannan mako guda biyu ne. Ku zauna bibbiyu, ɗaya ya faɗi hujjar wahala da bakinsa yadda mai ita zai ji ya ce, "Haka nake nufi," sannan ɗayan ya amsa, sai ku yi musaya. Na biyu, duk wanda ɗa ko ƙane ya taɓa yi masa irin wannan tambaya har ya kore shi, ya neme shi cikin makon nan, ya zaunar da shi, ya ce ya maimaita tambayar. Ku zo mana da abin da ya ce ranar aji mai zuwa.